Littattafan da suka koya min yadda ido ke karanta alƙaluma

Ina aiki ne a wani kamfani da ke kula da masauki da motocin masu Umara a nan Makka, yawancin baƙinmu kuwa daga Najeriya da Nijar da Chadi suke zuwa. Alƙaluma ne a hannuna: ɗaki nawa aka kama, nawa ya kwana ba kowa, bas nawa ta tashi zuwa Madina, mutum nawa ya sauka a filin jirgin Jidda a mako. Haɗa lissafi ba ya ba ni wahala. Abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke faruwa bayan rahoto ya bar hannuna. Mudir, wato manajanmu, zai duba, shugaban direbobi zai duba, ejan ɗinmu na Kano zai buɗe a wayarsa, kowa idonsa ya yi ta yawo a shafin ya rasa inda zai sauka, daga bisani a kira ni a ce, "To yanzu me takardar ke cewa?" Manhajar lissafi ta Excel na ba ni zane iri-iri da latsawa ɗaya, amma ba ya gaya min wanda mutum zai gane. Shi ya sa na koma ga littafi.

Duk wanda na tambaya suna ɗaya yake fara kawowa: Edward Tufte, Ba'amurke, da littafinsa The Visual Display of Quantitative Information na 1983. Da kuɗinsa ya buga shi, har gidansa ya jinginar, don ya samu ikon tsara kowane shafi yadda ransa ke so, kuma da ka buɗe za ka ga hakan. Na yi odarsa ta intanet. Da ya iso, zagayen farko kallo kawai na yi. Na daɗe a kan taswirar da Charles Minard, wani tsohon injiniya Bafaranshe, ya zana a 1869, ta yaƙin da Napoleon ya kai Rasha a 1812. Layi ne mai kauri ya tashi daga bakin iyaka da soja 422,000, yana yin gabas yana ramewa, ya isa Mosko da 100,000. Sai baƙin layi ya juyo da su, a ƙasansa ga ma'aunin sanyi yana ta sauka, har ya iso inda aka faro da mutum 10,000. Ba sai kana jin Faransanci ba tsikar jikinka za ta tashi. Tun daga ranar na yarda cewa wannan fanni ilmi ne mai cin gashin kansa, ba ƙawata takarda ba.

Abu biyu na ɗauka daga Tufte na sa a aiki nan take. Na farko, duk tawadar da ba ta ɗauke da bayani, a share ta: inuwa, sanduna masu tudu, layukan baya masu kauri, launi bakwai inda ɗaya ya isa. Na biyu shi ne ma'aunin da ya kawo na auna ƙaryar zane, wato ka kwatanta girman canjin da zanen ya nuna da girman canjin da ke cikin alƙaluman. Na gwada shi da alƙaluman aikin Hajji da hukumar ƙididdiga ta Saudiyya ta fitar. A 2023 alhazai 1,845,045 ne, a 2024 kuma 1,833,164. Bambancin 11,881 ne, bai kai ko ɗaya cikin ɗari ba. Da na zana sanduna biyu daga sifili, sai ka kusa rantsewa tsayinsu ɗaya, kuma gaskiyar ke nan. Da na sa su tashi daga 1,800,000, sanda ta biyu ta rasa fiye da rubu'in tsayin ta farko. Ko lamba ɗaya ban taɓa ba, amma zanen ya ninka raguwar kusan sau 41. Wanda ya ga wannan a waya zai wuce da labarin cewa alhazai sun ragu ƙwarai. Tun lokacin, duk zanen sanduna da ya zo gabana, a jarida ko a ofis, gindinsa nake fara dubawa.

Sai dai akwai inda Tufte ya bar ni a tsaye. Yana yanke hukunci ne irin na tsohon maɗinkin babbar riga, wanda zai ɗaga aikinka ya ce "wannan bai yi ba," kuma da gaskiyarsa, amma in ka tambayi dalili sai ya miƙo maka tasa rigar ya ce ka duba. Ni kuwa dalilin nake nema, domin zanen da zan yi gobe ba ya cikin misalansa. Me ya sa ido ke kama wani abu nan take, wani kuma ya wuce shi?

Amsar na same ta a wajen Colin Ware, a littafinsa Information Visualization: Perception for Design, wanda ya fara fitowa a 2000. Littafi ne mai nauyi, na jami'a, kuma Turancinsa ya sa na riƙa ajiye ƙamus kusa. Bayan Isha'i nake zama da shi, babi ɗaya ya ci min dare da yawa. Amma shi ne ya sauya min aiki daga tushe, domin da ido ya fara, ba da zane ba.

Abu na farko da ya girgiza ni shi ne ƙanƙantar wurin da muke gani tar. Miƙa hannunka gaba ka dubi farcen babban yatsanka: kusan iyakar faɗin da ido ke gani da cikakken kaifi ke nan a lokaci guda. Sauran duk dishi-dishi ne. Ido na tsalle ne daga nan zuwa can, wajen sau uku a daƙiƙa, ƙwaƙwalwa na harhaɗa abin da ya samo, mu kuma muna zaton komai muke gani gaba ɗaya. Bayan haka, abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa na siffofin da aka gani yanzu-yanzu bai wuce uku zuwa huɗu ba. A nan na gane abin da ke wahalar da mudir. In zane na da layi shida, kowanne da launinsa, sannan fassarar launukan na can gefe cikin ɗan akwati, dole idonsa ya je akwatin ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, kuma kafin ya riƙe na biyar na farko ya zube. Na cire akwatin, na rubuta sunan kowane otal a ƙarshen layinsa. Gyara ne na minti biyu, amma dalilinsa sai da na ci babi guda kafin na same shi.

Abu na biyu shi ne akwai siffofin da ido ke cafkewa tun kafin hankali ya waiwayo. Jan ɗigo ɗaya cikin ɗigo ɗari masu ruwan toka, ba ka nemansa, shi ke zuwa wajenka, ko an ƙara yawan masu ruwan tokar. Haka dogon layi cikin gajeru, ko karkatacce cikin miƙaƙƙu. Amma in aka ce ka nemo jan murabba'i cikin cakuɗar jajayen da'irori da shuɗɗan murabba'ai, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ina karanta wannan na tuna koren fitilun da ke tsakanin Safa da Marwa, inda maza ke sassarfa. Mutum ya zo daga ƙauyen da bai taɓa ganin allon sanarwa ba, ga gajiya, ga cunkoso, bakinsa na addu'a, amma da ya iso ƙarƙashin koren nan ƙafarsa ta sauya. Abin da ya sa fitilun ke aiki shi ne duk doguwar hanyar nan fara ce, su kaɗai ne kore. Da an bi bangon da launuka iri-iri, da koren ya ɓace a cikinsu. Yanzu a rahotona komai ruwan toka ne, sai abu ɗaya da nake so a gani, shi nake ba launi. In mako ya zo da matsala biyu, zane biyu nake yi.

A wajen Ware ɗin dai na san cewa a Turai kusan maza 8 cikin 100 ba sa rarrabe ja da kore yadda ya kamata. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma akwai su, kuma da yawansu ba su ma san suna da abin ba. Mu kuwa a ofis ja da kore ne harshenmu: ɗakin da aka biya kore, wanda ba a biya ba ja. Na mayar da su shuɗi da ruwan lemo, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske, yadda ko an buga takardar baƙi da fari za a bambance. Wanda ke son shiga wannan ɓangare ba tare da ya sha wahalar da na sha ba, Ware na da ƙaramin littafi na 2008, Visual Thinking for Design, wanda ya fi sauƙin haɗiya nesa ba kusa ba.

Ta hanyar waɗannan littattafai na kai ga wani bincike da kusan kowa a fannin ke komawa gare shi, na William Cleveland da Robert McGill, da suka wallafa a 1984. Sun ba mutane zane-zane suka ce su ƙiyasta girman wannan a kan wancan, sannan suka auna kuskurensu. Inda ido ya fi dacewa shi ne in abubuwa na jere a kan ma'auni ɗaya, suna tashi daga gindi ɗaya. Tsayi da kusurwa na biye, faɗin fili na ƙasa da su, duhu da hasken launi kuma can ƙarshe. Ma'anar wannan ita ce zanen da'ira mai yanka-yanka, wanda William Playfair ya fito da shi tun 1801 kuma ofisoshi suka ɗauke shi ɗan gata, yana sa ido aikin da bai ƙware a kai ba.

Ban so in karɓa don an rubuta kawai ba. Na buga rabon baƙinmu na wata guda bisa garuruwan da suka taso, sau biyu, ɗaya da'ira ɗaya sanduna, na kai wa shugaban direbobinmu. Dattijo ne haifaffen nan, kakanninsa ta Sudan suka biyo da ƙafa, gidansu na wajen Shara Mansur, Hausarsa garau amma da Larabci kaɗai yake karatu.

Na miƙa masa da'irar na ce, "Baba, tsakanin Kano da Yamai wa ya fi kawo mutane?"

Ya nisantar da takardar, ya matso da ita, ya karkata kai. "Ɗana, waɗannan ai kusan ɗaya suke."

Na miƙa masa sandunan. Ko daƙiƙa biyu bai yi ba ya ɗora yatsa. "Kano ce, da ɗan kaɗan. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, in dai ka jera masa kayan a wuri ɗaya."

Tun daga nan ya zama duk sabon zane sai ya bi ta hannun Baba kafin ya je gaban mudir, kuma ta wajensa na ci karo da abin da littattafan nan ba su tanadar min ba. Marubutansu na rubutu ne daga hagu zuwa dama, don haka a wurinsu lokaci ma daga hagu yake tafiya. Na nuna wa Baba layin da ke hawa daga Rajab zuwa Ramadan, sai ya ce, "Subhanallahi, mutane raguwa suke yi?" Daga dama ya faro, yadda ya saba da kowane shafi tun yana yaro. Ejan ɗinmu na Kano kuwa, da ya yi boko, daga hagu zai faro. Rahoto ɗaya, masu karatu biyu, kowa da alƙiblarsa. Abin da na tsaya a kai shi ne in bar lokaci na tafiya daga hagu, in rubuta sunayen watanni manya, in sa ɗan kibiya a ƙasa, sannan kan zanen ya zama cikakkiyar jimla da ke faɗin abin da ya faru, da Larabci da Hausa: baƙi sun ƙaru daga Rajab zuwa Ramadan. In mutum ya karanta wannan tukuna, idonsa ba ya ɓata.

Sai kuma kalanda. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11, kasuwarmu kuwa Ramadan take bi. A nan Saudiyya an ɗauki azumi ran 23 ga Maris a 2023, ran 11 ga Maris a 2024, ran 1 ga Maris a 2025. Goman ƙarshe, lokacin da ɗaki kusa da Harami ke zama zinariya, a Afrilu ya faɗo a 2023, a 2025 kuwa duk cikin Maris ya ƙare. Wanda ya jera Afrilun shekarun nan uku zai ga kamar kamfani na durƙushewa, alhali wata ne ya matsa. Duk zanen da ya shafi baƙi na mayar da shi kan watannin Musulunci, na bar na albashi da haya a kan Miladiyya. Babu littafin da ya ce min in yi haka, amma su suka koya min tambayar da ta kai ni can: me nake so a kwatanta da me?

Akwai littafi guda da ban sa shi a lissafi ba da farko, ya zo ya zame min mafi soyuwa. Wani abokina da ke karatu a Jami'ar Ummul Ƙura ya ji ina ta zancen ido, ya ce, "Malam, kana zaune a ƙasar Larabawa kana wannan karatu ba ka leƙa Ibnul Haisam ba?" Ya samo min kashi uku na farko na Kitabul Manazir, littafinsa a kan gani, bugun da masanin nan ɗan Masar Abdulhamid Sabra ya tace aka buga a Kuwait a 1983. An haifi Hasan Ibnul Haisam a Basra wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, littafin nasa kuma kashi bakwai ne. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, ba ido ke jefa haske waje ba. Amma ni kashi na biyu ne ya riƙe ni. A can ya lissafa siffofi 22 da gani ke riska, irin su haske, launi, nisa, matsayi, siffa, girma, adadi, motsi, kamanni da saɓani. Ya ce haske da launi kaɗai ido ke ji da kansa. Sauran duk sai hankali ya yi ƙiyasi ya kwatanta da abin da ya taɓa sani, cikin saurin da mutum ba ya ma lura ya yi. Ya raba gani gida biyu, na kallo ɗaya da na ƙura ido, ya kuma bayyana cewa abin da ke daidai tsakiyar gani ya fi fitowa sarai, shi ya sa ido ke zagaya abu kafin ya tabbatar da shi. Kashi na uku gaba ɗaya a kan kurakuran gani ne.

Larabcinsa na da tsauri, yana maimaita magana, kuma ba zai koya maka zana ko sanda ɗaya ba. Bayanin Ware ya fi nasa daidai, don shekara kusan dubu na gwaje-gwaje na tsakaninsu. Duk da haka na ji wani abu a ƙirjina da na ga tambayar da ke hana ni barci, an zauna an yi mata kashi-kashi da harshen da nake jin huɗuba da shi kowace Juma'a. Kuma rabon nan nasa na kallo ɗaya da ƙura ido ya shiga aikina kai tsaye. Ejan da ke tsaye a filin jirgi yana duba waya, kallo ɗaya gare shi, don haka zane ɗaya nake tura masa da saƙo ɗaya. Akawun da zai zauna ya bi lissafi, jadawali nake ba shi da lambobi cikakku, ba zane ba.

Sauran littattafan ban daɗe a kansu haka ba. Show Me the Numbers na Stephen Few, na 2004, shi ya fi kusa da teburin ma'aikacin ofis, kuma ya yi bayani mai kyau kan lokacin da jadawali ya fi zane. Visualization Analysis and Design na Tamara Munzner, malama a wata jami'a a Kanada, wanda ya fito a 2014, ya ba ni tambayoyi uku da nake rubutawa a takarda kafin in taɓa kwamfuta: wane irin bayani ne a hannuna, don me mai dubawa zai duba, ta yaya zan nuna. Rabinsa na masu gina manhaja ne, na tsallake wannan. How Charts Lie na Alberto Cairo, na 2019, na mai karanta zane ne fiye da mai yin sa, kuma shi nake ba ƙannena aro. Wanda aljihunsa bai kai odar littafi daga waje ba, Claus Wilke ya sa Fundamentals of Data Visualization, na 2019, kyauta a intanet, kuma yana da wata ɗabi'a da na so: yakan kawo zane ya buga masa hatimi cewa wannan mummuna ne, wannan bai yi ba, wannan kuskure ne, sannan ya nuna gyaran.

Wani yaro ɗan Zinder da aka kawo ofishinmu kwanan baya ya tambaye ni da wanne zai fara. Na ce ya fara da ƙaramin littafin Ware, ya bi da Wilke yana yi yana gwadawa da alƙaluman motocinmu, sai ya zo ga Tufte lokacin da zai iya yi masa gardama. Na kuma ce duk abin da ya zana ya kai wa Baba kafin ya kawo min.

Ni kuma yanzu Jacques Bertin ne a gabana, masanin taswira Bafaranshe da ya fitar da Sémiologie graphique a 1967, aka fassara shi zuwa Turanci a 1983. Shi ya fara tsara abubuwan da mai zane ke iya sauyawa a jikin alama: wurinta, girmanta, duhunta, launinta, zubin cikinta, karkatarta da siffarta, da irin bayanin da kowanne ke iya ɗauka. Dalilin da ya sa na ɗauko shi, mudir na son taswirar otal-otal ɗin da muke kamawa daga unguwar Misfala zuwa ta Aziziyya, wadda za ta nuna nisa da Harami da farashi da yawan gadaje a shafi ɗaya, kafin a fara kama ɗakunan Ramadan mai zuwa. Nisa dai taswirar da kanta za ta nuna shi. Yawan gadaje na ba shi girman ɗigo, farashi kuma duhun launi ɗaya, mataki huɗu daga haske zuwa duhu, kuma ranar Lahadi zan buga gwajin farko in kai wa Baba a gareji.